Tsatsar Rodi a Daɓen Kankare: Faci Za a Yi ko Fasawa?

Da zarar damina ta ɗauke, masu gidaje da yawa sukan lura cewa daɓen kankaren da mota ke bi daga bakin get zuwa rumfarta ya sauya kama. Da fari wani jan tabo ne kamar an tofar da goro, sai dai ya bi layi miƙe sambal. Kafin a ankara layin ya zama tsaga. Wata safiya taya ta hau wurin, sai wani ɓangare kamar tafin hannu ya ɓalle, ga rodi nan a ƙasa ya yi ɓawo-ɓawo, ana taɓa shi yana zubowa.

Daga nan ruɗani yake farawa. Magini na farko ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ai ba wani abu ba ne, rabin buhu ya ishe shi, a shafe kawai." Na biyu ya girgiza kai ya ce sai dai a fasa gaba ɗaya a sake zubawa. Na uku ya ce a rabu da kankare, a shimfiɗa intalok. Tazarar kuɗin da ke tsakanin shawarwarin nan uku ba kaɗan ba ce, ga shi maigida ba shi da ma'aunin da zai gane wanda ya fi gaskiya. Kowannensu yana iya yin daidai a wannan gida ya yi kuskure a gidan maƙwabci. Abin da ke raba gardamar yana can bayan rodin, inda ido ba ya kaiwa sai an buɗe.

## Yadda siminti ke kare ƙarfe, da yadda kariyar ke gushewa

Kankare yana da ƙarfi idan danne shi aka yi, amma ba shi da jimiri idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danni ba. Ƙarfe kuwa ja ne aikinsa, shi ya sa aka haɗa su tun ƙarni na 19. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar a 1867, lokacin da yake yin tukwanen shuka da siminti da ragar ƙarfe. Haɗin ya ɗore har yau saboda wani dalili da ba a cika ambata ba: siminti da kansa yana hana ƙarfe tsatsa.

Danshin da ke maƙale a ƙananan ƙofofin kankare yana da kaifi irin na ruwan toka ko na kanwa. A ma'aunin pH, inda tsabtataccen ruwa yake a 7, danshin sabon kankare yana tsakanin 12.5 da 13.5. A cikin irin wannan kaifi wata 'yar fata siririya da ido ba ya gani takan rufe jikin rodin, ta hana ruwa da iska cin sa. Muddin fatar nan tana nan, rodi zai yi shekara da shekaru a cikin jiƙaƙƙen kankare bai yi tsatsa ba. Kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da waje, wanda za mu riƙa kira lulluɓi, shi ne garkuwar da ke tsare fatar.

Abu biyu ne suke kashe ta. Na farko iskar kabon dayoksaid da ke cikin iskar da muke shaƙa. Tana kutsawa daga saman kankare a hankali, tana haɗuwa da sinadarin farar ƙasa da ke cikin siminti, tana dakushe kaifin nan har ya sauko wajen 9 ko ƙasa da haka. Ranar da ta isa jikin rodi, kariyar ta ƙare. Kutsen nata kuma ba da gudu ɗaya yake tafiya ba, yana raguwa gwargwadon zurfi. A misali, kankaren da iskar ta ci santimita 1 a cikinsa a shekara 5, sai ta yi kusan shekara 20 kafin ta ci santimita 2, sai kusan shekara 80 kafin ta ci santimita 4. Wato ninka lulluɓi sau biyu yana ninka kwanan rodi kusan sau huɗu. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna dalilin da daɓen wani gida ya lalace a shekara shida alhali na maƙwabcinsa ya haura talatin lafiya lau.

Na biyu kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri. Shi ba ya jiran kaifin siminti ya dushe, yakan huda fatar nan a wurare ƙanana, ya ci rodin rami-rami, har ya kusa tsinke shi a wuri guda alhali sauran jikinsa yana ƙyalli. A ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara shi ne babban dalilin lalacewar daɓen mota, domin taya ke kwaso shi har cikin gida. A Legas da Fatakwal iskar teku da yashin bakin teku da ba a wanke ba ke kawo shi. A garuruwan da suke nesa da teku kamar Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, kutsen iskar kabon ya fi yawa, amma gishiri yana iya shiga tun ranar kwaɓi idan da ruwan rijiya mai zartsi aka yi aikin. Wannan ya fi muni, domin gishirin yana cikin kankaren daga sama har ƙasa.

Ko bayan kariyar ta gushe, tsatsa tana bukatar ruwa da iskar oksijin a tare. Kankaren da ke bushe ƙayau kullum ba ya saurin tsatsa, wanda ke nutse a ruwa kullum ma haka. Jiƙa da bushewa, jiƙa da bushewa, shi ne ke kashe rodi. Shi ya sa ɓarnar takan fara a inda ake wanke mota kowace safiya, ko ƙarƙashin indararo, ko gefen famfo mai yoyo, ko wurin da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga.

Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, tana iya ninka shi sau biyu har zuwa sau shida. Rodin da ke kumbura a cikin kankare yana tura shi daga ciki, wato ja, daidai abin da kankare ba ya iya jurewa. Sai ya tsage a kan layin rodin, tsagar ta ba ruwa hanya, tsatsar ta ƙara gudu, daga ƙarshe saman ya ɗago ya ɓalle.

## Laifin yakan faro ne tun ranar zubi

Mutane sukan ɗora wa siminti laifi. An yi wannan muhawara sosai a Najeriya a 2014, lokacin da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta ce a taƙaita siminti mai lamba 32.5 ga filasta, a riƙa zuba kankare da mai lamba 42.5, wasu masu siminti da ƙwararru kuma suka ce matsalar ba a lambar take ba, a yadda ake aiki da shi take. A batun tsatsa dai maganar waɗannan na biyun ta fi kusa da abin da ake gani a ƙasa. Buhu mafi tsada ba zai ceci rodin da aka bar shi dab da saman daɓe ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin zubi ya san yadda ake yi. Mai ɗaurin rodi ya gama aikinsa ya shimfiɗa ragar a kan ƙasa. Ya kamata a ɗora ta a kan 'yan dunƙulen siminti da magina ke kira biskit, don ta tsaya a inda ake so. Sau da yawa ba a yi biskit ɗin ba, sai a tallafa da ɓaraguzan bulo, ko a ce za a riƙa ɗagowa da hannu ana zubawa. Leburori na takawa, baro na bi ta kai. A wani wuri rodin ya kwanta a turɓaya, a wani wurin an ɗago shi har ya kusa leƙowa. Na ƙasan yana tsatsa daga danshin ƙasa ba mai gani, na saman shi ne ke fasa daɓe.

Akwai kuma matsalar kauri. Daɓen mota na gida yawanci inci 4 ake yi, kusan santimita 10. Idan aka giciya rodi mai milimita 12 layi biyu, sun cinye kusan santimita 2.5, saura 7.5 da za a raba sama da ƙasa. Ƙa'idar gini ta Amurka, ACI 318, wadda injiniyoyi da yawa ke dubawa, tana neman lulluɓin santimita 7.5 ga kankaren da aka zuba kai tsaye a kan ƙasa, da santimita 4 zuwa 5 ga fuskar da ruwa da rana ke duka. Daɓe mai inci 4 ba shi da wurin da zai cika duka biyun. Ke nan siririn daɓe mai kaurin rodi ya fara rayuwa da rauni ko da an yi aikin da kula.

Sai ruwan kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya bukatar fiye da lita 22 zuwa 25 don kankare mai kyau, wato jarka guda, har da danshin da ke cikin yashi. Amma kwaɓi mai tauri yana da wuyar juyawa da shebur, sai a yi ta ƙara ruwa har ya zama kamar kunu. Ruwan da ya yi yawa zai bushe ya bar ƙofofi, ta nan iska da gishiri za su bi. Bayan zubi kuma kankare yana son a riƙe shi da danshi aƙalla kwana 7. A hunturu ko bazara, in aka yayyafa ruwa sau ɗaya aka tafi, saman ya ƙone bai nuna ba, kuma saman nan shi ne lulluɓin.

## A fara da bincike kafin a sayi siminti

Ba kowace tsaga ce ta tsatsa ba. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, ya tsage a inda ya ga dama. Ƙasar da ba a daddale ba tana zama, daɓe ya karye ya bar gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa. Saiwar darbejiya ko ta mangwaro tana ɗaga shi. Tsagar tsatsa tana da kamanninta: miƙaƙƙiya ce, tana bin layin rodi, sau da yawa ana ganin wata a gefenta da tazara iri ɗaya, kuma tana zubar da jan ruwa. Tsagar da ta fito daga wani dalilin ma tana iya zama ƙofar tsatsa daga baya, don haka a gano wanda ya riga wani.

Gwaji mafi arha guduma ce. A bi daɓen ana ƙwanƙwasawa taku-taku. Lafiyayyen kankare yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu daga ciki kuwa yana yin amo kamar fasasshiyar ƙwarya. A wuri mai faɗi ana jan sarƙa a kai ana saurare. Duk inda amon ya canza a zagaye shi da alli ko gawayi. Galibi abin da aka zagaye yakan fi abin da ido ya gani girma nesa ba kusa ba, kuma wannan zanen shi ne ainihin girman aikin.

Akwai gwaji na biyu da injiniya ko ɗakin gwajin kayan gini zai iya yi ba da tsada ba. Ana ɓantarar kankare sabo a fesa masa ruwan fenolftalin. Inda kaifin siminti yake nan sai ya koma ja mai haske, inda iskar kabon ta ci sai ya zauna yadda yake. Idan wurin da bai canza launi ba ya wuce zurfin rodi a wurare da dama, har da inda babu tsaga, to duk rodin daɓen ya rasa kariya, lokaci kawai yake jira. Gishiri kuwa sai an huda an ɗebi garin kankaren an kai ɗakin gwaji.

## Daɓen da ke kan ƙasa daban, wanda ke kan rami daban

Wannan bambancin ya fi duk sauran muhimmanci. Daɓen da ke kwance a kan ƙasa, ƙasar ce ke ɗauke da mota. Rodin cikinsa aikinsa riƙe tsaga kada ta buɗe. Ko ya ruɓe duka, abin da za a samu daɓe ne mai muni da ramuka, ba wanda zai faɗa ko'ina.

Amma a gidaje da yawa hanyar motar tana bi ta kan wani abu. Silaf ɗin da aka ɗora a kan lambatu a bakin get, murfin sokawe ko na tankin ruwa na ƙasa da ya faɗo daidai inda ake ajiye mota, duk waɗannan a rataye suke, kuma rodin da ke cikinsu shi ke ɗauke da nauyin. Tsatsarsu daga ƙasa take farawa, inda tururin ruwa yake dare da rana, a sokawe kuma har da iskar da ke rikiɗa ta zama asid ta ci simintin. Saman yana iya zama sumul alhali cikin ya zube. Ranar da tankar ruwa ko tifar yashi ta hau, ranar ake sani.

Misalin da duniya ta gani shi ne benen Champlain Towers South a garin Surfside na jihar Florida ta Amurka, wanda ya rufta ranar 24 ga Yuni, 2021, mutum 98 suka rasu. Tun a 2018 rahoton wani injiniya ya nuna cewa ruwa na ratsa silaf ɗin da ke saman wurin ajiye motoci, kankare na ɓallewa, rodi ya bayyana. Masu bincike sun duba dalilai da dama, har da kurakuran zane da na gini, amma abin da ya shafi mai ƙaramin gida a nan shi ne an ga alamun shekaru kafin ruftawar. Duk silaf ɗin da ke da rami a ƙarƙashinsa, in rodinsa ya fito ko ya yi ciki, a hana mota hawa, a kira injiniyan da ke da rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ko takwararta ta ƙasar da ake. Ƙaramin silaf na lambatu ko murfin sokawe, sake zuba sabo ya fi faci sauƙi da kwanciyar hankali.

## Facin da ke ɗorewa

Shafen da magini na farko ya kawo shawara shi ne aikin da aka fi yi, shi ne kuma ya fi saurin tashi. An rufe tsatsa da siminti, tana nan tana kumbura a ƙasa, damina ɗaya ko biyu facin ya ɗago kamar ɓawon gyambo. Facin gaskiya aiki ne mai cin lokaci, kuma yawancin lokacin a fasawa da gogewa yake tafiya.

Ana fara yanka gefen wurin da giranda, zurfin santimita 1 ko fiye kaɗan, a tsaye, a yi siffa mai kusurwa huɗu, ana kula kada a yanke rodin. Dalilin yankan shi ne facin da gefensa ya sirance kamar bakin wuƙa nan da nan yake marmashewa. Sannan a fasa ciki da guduma da kurfi, ana bin rodin ta kowane ɓangare har a kai inda ya fito fes babu tsatsa, a ɗan wuce nan. Sai muhimmin wurin, wanda aka fi tsallakewa: a fasa har bayan rodin, a bar sarari kamar santimita 2, yadda yatsu za su zagaya shi. In ba a yi haka ba, rabin rodin yana cikin sabon siminti, rabinsa yana cikin tsohon da ya mutu, tsatsar ta ci gaba daga ƙasa.

Rodin kuma a goge shi da burushin ƙarfe ko na giranda, gaba da baya, har ɓawon ya fita ƙarfe ya bayyana. A auna kaurinsa a kwatanta da inda bai ciwu ba. Idan ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na jikinsa, injiniyoyi sukan ce a ɗaura masa sabo a gefe, a bar shi ya zarce wurin ciwon sosai ta kowane ɓangare. Wasu sukan shafa wa rodi baƙin mai ko fentin mai da niyyar kare shi. Wannan kuskure ne, domin yana hana siminti kama ƙarfen. Mai aikin giranda kuma ya rufe hanci da ido, ya riƙa jiƙa wurin, saboda ƙurar kankare tana lalata huhu.

Bayan an wanke ramin tas, a jiƙa shi sosai tun da wuri, amma a lokacin zubi kada ruwa ya kwanta a ciki. Busasshen tsohon kankare yakan zuƙe ruwan sabon ya hana su haɗuwa. Ana goga kunun siminti mai kauri, wasu na haɗa shi da ruwan SBR da ake sayarwa don wannan aiki, a zuba facin kafin kunun ya bushe. Rami mai zurfi yana son kankare mai ƙananan tsakuwa, marar zurfi kuma yana son simintin gyara na buhu wanda aka haɗa don kada ya tsuke. A daddanna shi ya shiga bayan rodi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko leda kwana 7, mota kuma ta haƙura har wannan lokacin. Babbar mota ta jira kwana 28.

Ko an yi duk wannan, akwai wani abu da ke ba masu gida mamaki: facin ya zauna daram, sai tsaga ta fito a zagaye da shi. Tsatsa aiki ne irin na batir. Wurin da ke ruɓewa da can yana ɗauke wa maƙwabtansa ciwon. Da aka gyara shi ya samu sabon kaifi, sai lamarin ya juya, rodin da ke tsohon kankare a bakin facin ya zama shi ake ci. Wannan ya fi faruwa a kankaren da gishiri ya shiga. Don magance shi ne ake ɗaura wa rodi 'yan dunƙulen tutiya a gefen faci, tutiyar ta riƙa ruɓewa a madadin ƙarfen. A gada da bene kuɗinsu ya cancanta. A daɓen gida kuwa, in har ta kai ga ana tunaninsu, to a auna su da kuɗin sabon daɓe.

A kan shafa wa rodin magani kafin a rufe, ƙwararru ba su zama baki ɗaya ba. Masu son efoksi, wani irin fenti mai danƙo, sun ce yana raba ƙarfe da ruwa gaba ɗaya. Masu suka sun ce da wuya a shafe bayan rodi ba a bar ko ɗigo ba, kuma duk inda aka bari nan tsatsa za ta taru. Wasu sun fi son maganin da aka yi da siminti ko mai tutiya, wasu kuma sun ce ƙarfe mai tsabta a cikin siminti mai kyau da isasshen lulluɓi ba ya bukatar komai. Abin da duka suka yarda da shi, babu maganin da ke aiki a kan rodin da ba a goge ba.

## Faci, ƙari a sama, sabon zubi ko intalok

Faci yana da ma'ana idan wuraren da guduma ta nuna kaɗan ne, kuma an gano dalilinsu, misali rodi ya taso a kusurwa ɗaya ko indararo na zuba a wuri guda. A gyara dalilin tare da facin, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Idan kuwa zanen allin ya bazu ko'ina, ko gwaji ya nuna iskar kabon ta wuce rodi a duk daɓen, ko da ruwan zartsi aka kwaɓa shi tun farko, faci ya zama kuɗin da za a riƙa biya duk shekara.

Zuba sabon kankare a kan tsoho yana jan hankali don babu fasawa babu kwasar ɓaraguzai. Yana ƙara lulluɓi, kuma yana aiki in an riga an gyara wuraren da suka ruɓe. In an zuba shi a kan tsatsa mai rai, tsagar ƙasa za ta biyo shi sama. Yana kuma ɗaga daɓen, get ya riƙa gogawa, ruwan sama ya juya ya nufi ƙofar falo. Siririn shafe na santimita 1 ko 2 kuwa ba ya jure taya.

Wanda ya zaɓi sabon zubi zai gamu da wata tambaya da ba a cika yi ba: shin daɓen ƙaramar mota yana bukatar rodi ma kuwa? A ƙasashe da yawa ana zuba shi babu ƙarfe ko kaɗan, a kan ƙasa da aka daddale da kyau, a yanka masa layuka kowace mita 2.5 zuwa 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, don tsagar tsukewa ta bi layin. Abin da ba shi da rodi ba ya tsatsa. Masu goyon bayan rodi suna da hujja a inda ƙasa ke motsi, kamar baƙar ƙasar laka da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani a sassan Borno da Adamawa, ko inda manyan motoci ke shiga. A nan daɓen ya kai inci 5 zuwa 6, rodin ya hau biskit, a kuma karkata saman kaɗan don kada ruwa ya kwanta. Akwai rodin zaren gilashi da ba ya tsatsa, da zaren roba da ake zubawa a kwaɓi don rage ƙananan tsaga, sai dai ba a ko'ina ake samunsu ba.

Intalok ya kauce wa matsalar gaba ɗaya, kuma in bututu ya fashe a ƙasa ana ɗagawa a mayar. Nasa aibin shi ne yana lotsawa a layin taya in ba a daddale ƙasa ba ko ba a kafa masa gefe mai ƙarfi ba, ciyawa na fitowa, ingancin dutsen kuma ya danganta da wanda ya buga shi.

## Abin da wannan ke nufi ga aljihu

A gyaran faci kuɗin hannu ya fi na kaya, saɓanin yadda aka saba a gini. Mai gida da ya ga an kawo buhu biyu kacal amma ana neman kuɗin aikin kwana huɗu yakan ji kamar an cuce shi, sai ya koma ga mai rabin buhu. Wannan ne ke sa magina masu sanin aikin su ma su koma shafe, tunda shi ake biya. Zai fi kyau a yi jinga a kan abin da za a yi ɗaya bayan ɗaya: yanka, fasa bayan rodi, gogewa, ban ruwa. A kuma ce, "Malam, kada ka rufe sai na zo na gani," domin minti biyar na zura yatsa a bayan rodi ya isa a san ko an yi aikin.

A gidan haya matsalar takan daɗe, don mai gida ba ya ganinta kullum, ɗan haya kuma ba ya son kashe kuɗi a ginin wani. Daɓen kan ƙasa zai iya jiran a sasanta. Murfin sokawe da yara ke wasa a kai, ko silaf ɗin bakin get, a sanar da mai gida a rubuce da hoto tun ganin farko. Mai sayen gida ma ya zagaya da 'yar guduma, musamman inda ya ga sabon shafe, ya kuma ɗaga kai ya dubi ƙasan baranda da ginshiƙai, tunda hannun da ya zuba daɓen galibi shi ya zuba sauran kankaren ginin.

Lokacin aiki mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin zafin bazara. Ƙasa ta tsane, ba a fargabar hadari ya wanke sabon zubi, sai dai iskar hunturu tana busar da siminti da sauri, don haka a zuba da sassafe ko da yamma, a rufe nan take, a ajiye wanda zai riƙa ban ruwa safe da yamma har sati ya cika. Bayan wata guda, in an samu hali, a cike ƙananan tsagogin da suka rage, a fesa wa daɓen maganin da ke shiga jikin kankare ya hana shi shan ruwa, a kuma mayar da wankin mota inda ruwan zai gangara lambatu kai tsaye.